Mai Tanda a Trabzon

Shekara talatin da ɗaya ina riga ladan tashi,
in hura tanda, in naushi ƙullu,
Trabzon na barci, teku na minshari a gindin tudu.
Ba gidan da ke layinmu da bai ci gumina ba:
burodi mai faɗin tire, ɓawonsa kamar bayan kunkuru.

Sai ƙishirwa ta zo ta tare a maƙogwarona.
In sha, in ƙara, kamar mai ɗura ruwa a rariya,
dare ɗaya in zaga bayi sau biyar,
kiyashi na yawo a yatsun ƙafata.
Feride ce ta ja ni asibiti da hannun riga.

Dakta Sevil ta juyo mini da takardar:
ɗari biyu da tamanin da shida.
Ta ce, "Nazmi, sana'arka ce ke cin ka."
Na yi dariya.
Ita ba ta yi ba.

Ta ɗauki biro ta soke burodi,
ta soke shinkafa, dankali, garin masara,
har da ƙwayar sukari biyun da nake jefa wa shayi
tun ina yaron shago.
Na ce, to me ya rage mini, iska?
Ta ce, maiƙo.
Man shanun da na shekara goma ina gudu kamar mai bin bashi,
ƙwai, cuku, man zaitun, kifin da teku ke ba mu kusan kyauta.
Ana zaton wuta a maƙera,
ashe a tandata take ci.

Makon farko kaina ya yi ta sara,
gwiwoyina suka zama ƙullun da bai tashi ba.
Sabo turken wawa, na sani,
amma wa zai gaya wa hannu?
Sau uku ina kama shi ya yago gefen burodi,
sau uku ina mayar da shi kamar ɓarawon da aka ritsa.

Feride ta koyi sabon girki da furfura a kanta.
Ƙananan kifin hamsi a kasko, ba gari,
baƙin kabeji yana iyo cikin man shanu,
ƙwai uku, zaitun, shayi mai ɗaci kamar gaskiya.
Ta daina cin shinkafa a gabana.
Na san tana ci a kicin. Ban ce komai ba.

Kowace asuba in soki yatsa,
ɗigon jini ɗaya ya ba da shaida,
na'urar ba ta karɓar toshiya.
Ɗari biyu. Ɗari da saba'in. Ɗari da arba'in.
A wata na huɗu Dakta ta rage mini ƙwaya ɗaya,
ta ce kada in kuskura in rage saura da kaina,
za a duba ƙoda, za a duba kitsen jini.
Na ƙara wa bel ɗina huda biyu.

Ranar bikin jikata Nurten na faɗi:
baklava yanka biyu, a bayan ƙofa, a tsaye.
Washegari na'urar ta tona mini asiri.
Na rubuta lambar a littafi yadda take,
na koma kan kifina.

Yanzu Erjan ke ɗanɗana gishirin ƙullu,
ni kuwa da kunne nake sanin gashi:
in ƙwanƙwasa bayan burodi, ya amsa kamar ganga.
Ƙamshi dai ba a hana ni ba,
ina shaƙar rabona har in ƙoshi.

Yau da asuba, ɗari da huɗu.
Na naɗe wa tsohuwa Hikmet burodinta mai zafi,
ta ce, "Kai ba ka ci?"
Na zaro findik shida daga aljihun gaba,
gyaɗar dutsenmu, na fasa ɗaya da haƙori.
Ruwan sama ya soma sauka kan kwanon shago,
saura tire goma sha biyu a tanda.